Tambaya kan ruwan zafin da ke cikin dutsen farar ƙasa

Ɗalibin Ƙasa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana a taimaka min, ina karatu ne kan makamashin zafin cikin ƙasa kuma wani abu ya ɗaure min kai. An ce duk kilomita 1 da ka nutsa zafi na ƙaruwa da kusan digiri 30, to in dutsen farar ƙasa na can mita 3,000 ai an san ruwansa zai yi zafi kenan, me ake ta bincike kuma kafin a haƙa?

Mai Burtsatse:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zafin ba shi ne matsalar ba, shi kam da lissafi ma ka gano shi. Ruwan ne abin ji, zai fito da yawa ko ba zai fito ba. Shi dutsen nan ba kamar dutsen yashi ba ne da ramukansa suke kusan iri ɗaya ko'ina, ruwansa a cikin tsaga yake gudu da kogwannin da ruwa mai ɗan tsami ya narkar tun zamanin da dutsen ke kusa da sama, sai ka ga rijiya ɗaya ta faɗa kan tsaga tana ambaliya wata kuma nan kusa da ita a bushe ƙayau. Kuma yawan ruwan shi ne kuɗin aikin: lita 100 a daƙiƙa in ka sauke zafinsa da digiri 60 ka samu kusan megawat 25 na zafi, in lita 10 ce kuwa ko kuɗin haƙa ba za ta mayar ba.

Injiniya Hauwa:
Gaskiya ne Malam. Duba kudancin Jamus, dutsen farar ƙasa da suke kira Malm. A Unterhaching kusa da Munik sun samu ruwa mai digiri 122 a zurfin mita 3,300 da ɗoriya, lita 150 a daƙiƙa. Amma a Geretsried, dutsen dai shi ne, a 2013 aka haƙa rijiya mai tsawon kusan mita 6,000, zafi akwai sosai, ruwa babu. Aka sake gwadawa a 2017 bai yi ba. Wallahi labarin nan yana taɓa ni don mutane sun zuba shekaru a ciki.
Shi ya sa ake fara aika girgiza cikin ƙasa a zana taswirar tsagogin, a duba ɓarɓashin dutsen da ke fitowa lokacin haƙa ko ya rikiɗe ya koma dolomait, wani dutse ɗan'uwan na farar ƙasa, don shi ya fi yawan ƙofofi, sannan a zuba asid a buɗe hanyoyin a yi gwajin famfo na kwanaki.

Ɗalibin Ƙasa:
Na gode Anti. Kenan duk inda babbar tsaga take nan za a nufa?

Injiniya Hauwa:
Da taka-tsantsan dai ƙanena. Tsagar da ke kawo ruwa ita ce ke iya motsawa. A St. Gallen ta Suwizalan a 2013 iskar gas ta taso cikin rijiyar, aka danna ruwa don a danne ta, sai ga girgizar ƙasa mai maki 3.5, a 2014 aka rufe aikin.

Mai Burtsatse:
Ka ƙara da sinadaran ruwan a karatunka. Matsi na raguwa iskar kabon ta fice, sai farin ɓawo ya kama famfo da bututu irin wanda kake gani a gindin butar dafa ruwa. Kuma ka nemi labarin dutsen Dogger na yankin Faris, shi ma na farar ƙasa ne, tun 1969 suke ɗumama gidaje da ruwansa da rijiyoyi bibbiyu, ɗaya ta jawo ɗaya ta mayar, ruwan ma tsakanin digiri 55 zuwa 85 ne kawai.