Na sayar da zinarena aka rufa gidan, yanzu ya ce kyauta na ba shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Shekararmu tara da aure, yara uku. Da gininsa ya kai linta kuɗi suka yanke, sai na sayar da sarƙata da awarwaro na zinare, gadon mahaifiyata, na haɗa da kwasar adashena, naira miliyan 2 da dubu 300, na tura masa ta banki. Da bakinsa ya ce rance ne. Ban nemi rubutu ba, miji ne. Satin da ya wuce ya miƙo mini takarda, saki ɗaya. Da yayana ya tayar da maganar kuɗin, sai ya ce ai kyauta na yi masa. Takardar fili sunansa ce, kayan ɗakina kuma suna can ya kulle. Ina zan dosa?

Maman Biyu: Innalillahi. Ƙanwata, tun kafin komai ki je banki a fitar miki da bayanan asusunki na watan da kika tura. Kada ki goge saƙo ko ɗaya na WhatsApp, musamman na murya, ki tura su wayar yayanki ma. Ni wayata ce ta faɗa ruwa ana tsakiyar shari'a, har yau abin yana ci mini rai. Ki kuma nemi wanda ya sayi zinaren da uwar adashe.

Malamin Islamiyya: Baiwar Allah, saki ɗaya na kome ne. Ci da sha da wurin zama suna kansa har ki gama idda, kuma a ɗakinki ya kamata ki yi ta, kamar yadda ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce. Kayan da iyayenki suka yi miki naki ne, haka sadaki. Batun kuɗi kuwa, tunda ya ce "kyauta ce", ya amsa cewa ya karɓa ke nan. A mazhabar Malikiyya ana karɓar shaidar namiji ɗaya, ko ta mata biyu, tare da rantsuwar mai ƙara a sha'anin dukiya. Wa ya ji lokacin da ya ce rance ne?

Anti daga Zariya: Ni dai ki bi a hankali, uban 'ya'yanki ne, kuma wataƙila a yi kome. A fara da manya.

Maman Biyu: Anti, a fara da manya na yarda, amma a rubuta abin da aka cimma, shaidu su sa hannu. Kome ba ya goge bashi. Idan ya ƙi, akwai sulhun Hisba, akwai kotun shari'ar Musulunci. In babu kuɗin lauya ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Kuɗin abincin yara da na makaranta a yanka masa na wata-wata, ta banki, kada a bar shi a kan "zan riƙa aikowa".

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Malam, ƙanwarsa tana wurin ranar, amma ban san ko za ta yarda ta faɗa ba. Na kuma samu saƙon muryarsa inda yake cewa "in an biya ni kuɗin kwangila zan mayar miki". Wannan zai yi?

Malamin Islamiyya: Ki adana shi sosai, ki nuna wa lauya kafin zaman manya. Kada ki tura masa shi tukuna.