Neman kalma: me za a kira revolution a darasin Romawa 13?

Ishaya:
Salama gare ku. Ina fassara darasin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a nan Katsina, ranar Juma'a za a kai wa mai bugawa. Kan darasin tambaya ce: ko revolution ta dace da Romawa 13:1-7 da 1 Bitrus 2:13-17, inda Bulus da Bitrus suka ce a yi biyayya ga hukuma? In aka sa "tawaye" tambayar ta amsa kanta, ba Kiristan da zai ce tawaye ya dace. Ku agaza.

Mama Saratu:
Juyin juya hali. Shi gidajen rediyo ke kiran na Faransa na 1789 da na Iran na 1979. Kada ka sa juyin mulki, wannan na soja ne, irin na Janairun 1966 ko na Disamban 1983: masu kujera sun canza, tsari na nan yadda yake. Bore kuwa ɗan lokaci ne, a huce a koma gida.

Dattijo Haruna:
Ban yarda ba, Mama. Je Kafur ko Malumfashi ka ce wa tsohuwa a majami'a juyin juya hali, za ta ɗauka tuba kake nufi, mutum ya sake halinsa. Yara su karanta "ko juyin juya hali ya dace da koyarwar Almasihu", su ce ai shi ake mana wa'azi kowace Lahadi. Ni "tumɓuke-tushe" na ƙirƙiro. Gininsa ɗaya da ƙare-dangi da fasa-ƙwauri, kuma yana nuna har saiwar mulkin aka cire.

Rabaran Yohanna:
Ɗana Ishaya, matsalarka ta fara tun daga "biyayya". Kalmar Helenanci ta Romawa 13:1, hupotasso, tana nufin mutum ya ajiye kansa ƙarƙashin tsari. Ta bin umarni daban ce, hupakouo, wadda aka gaya wa 'ya'ya game da iyaye a Afisawa 6:1. Shi ya sa manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29 suka ƙi umarnin majalisar Yahudawa amma suka karɓi bulala, haka Daniyel ya ci gaba da addu'a kuma bai guje wa ramin zakuna ba. To kalmomi uku kake bukata: ƙin bin umarni, ɗaukar makami, da kifar da tsarin gaba ɗaya. In ka haɗe su a kalma guda, yara za su fita da ɗayan biyu: ko Bulus ya hana zanga-zangar lumana, ko Bitrus ya halatta bindiga. Kan ƙin bin umarni kusan ba gardama a tarihin Ikilisiya. Kan ɗaukar makami da kifar da tsari ne aka rabu. A cikin jagororin Furotesta, Luther ya la'anci boren manoman Jamus a 1525. Calvin ya hana talaka tashi da kansa, amma ya bar ƙofa ga ƙananan mahukunta da doka ta ba ikon taka wa sarki burki. Katekizim na Katolika, littafin koyarwarsu, sakin layi 2243, ya gindaya sharuɗɗa 5 kafin ɗaukar makami: zalunci tabbatacce mai tsanani da ya daɗe, an gwada duk wata hanya, ba za a haifar da ɓarna mafi muni ba, akwai kyakkyawan zaton nasara, kuma ba a hango mafita mafi kyau ba.

Malam Lawal:
Ni ba Kirista ba ne, fassara ce sana'ata. Baba Haruna, kalmarka ta riga ta yanke hukunci kamar tawayen, tumɓukewa ɓarna ce a kunnen manomi. Abin da ya faru bayan fara jihadi a 1804, da Ummarun Dallaji ya karɓi Katsina, gidan sarautar da ta rasa ya koma Maraɗi, juyin juya hali wasu masana tarihi ke kiransa da Hausa.

Dattijo Haruna:
Masanan su waye? Abin da aka sarrafa a ɗakin labarai, aka turo mana ta akwatin rediyo, shi za mu bi? Katsina da ke da hasumiyar Gobarau ba ta kai ta haifi kalma ba sai Kano da Kaduna sun sa hannu? "Hali" ma aron Larabci ne.

Mama Saratu:
Dattijo, "mulki" fa? "Littafi" fa? In za mu kori aro, sunan Littafi Mai Tsarki na 1932 za mu fara gogewa.

Dattijo Haruna:
Waɗannan sun zauna. Wannan ko shekara ɗari bai yi ba.

Ishaya:
Iyayena, lokaci. A kan darasi zan sa juyin juya hali, ƙarƙashinsa layi ɗaya: "wato jama'a su kifar da tsarin mulki gaba ɗaya". Ciki zan raba ƙin bin umarni da ɗaukar makami yadda Baba Rabaran ya ce. Tawaye sai inda ake bayanin Romawa 13:2. Hupotasso har yanzu ba ni da abin da ya fi "miƙa kai ga hukuma".

Rabaran Yohanna:
Miƙa kai na iya zama na ɓarawon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Sa shi wannan makon, mu sake dubawa.

Dattijo Haruna:
Buga abinka. Amma ranar darasin ka tambayi yaran ma'anarsa kafin su karanta layin bayanin, ka zo ka faɗa mana amsarsu.