Kiɗan lantarki ko kiɗan na'ura? Mu tsayar da magana

1/ 'Yan uwa masu fassara, ga aiki ya taso. Ana son rubutu a kan kundin waƙoƙin makaɗan Faransa Daft Punk na 2013, Random Access Memories, amma an tsaya cak wajen sunan irin kiɗan da aka san su da shi, wanda Turawa ke kira electronic dance music, nau'in kiɗan rawa, suna taƙaitawa da EDM. Na ga wasu suna rubuta "kiɗan lantarki". Ni dai ban gamsu ba.

2/ Lantarki wuta ce. Jitar da aka jona da amsa-kuwwa wuta take sha, haka makirfon mai kalangu a gidan biki. In muka ce kiɗan lantarki, duk mun kwashe su mun zuba a buhu ɗaya. Abin da ake nufi kiɗa ne wanda na'ura ce ke haifar da sautinsa: ganga ba fata, amo daga kwamfuta, ana ta maimaita bugu ɗaya don 'yan rawa.

3/ Wani Malam a ƙasa ya ce a ce "kiɗan fiyano". Allah ya ƙara basira, Malam, amma sunan nan yana da mai shi. Da zarar Bahaushe ya ji fiyano, waƙoƙin nanaye na situdiyoyin Kano zai tuna, ba gidajen rawar Faris ba.

4/ Nawa zaɓin "kiɗan na'ura". Na kuma san inda za a kama ni, domin wannan kundin da kansa kamar ƙaryata sunan yake. Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, Faransawan nan biyu masu hular mutum-mutumi, sun fara tare a 1993, kuma da na'ura suka yi suna. Amma da suka zo wannan aikin sai suka ɗauko makaɗa na jini da tsoka, masu ganga da jita da goge irin na Turawa, suka shiga da su situdiyo a Faris da New York da Los Angeles. Nile Rodgers ya kaɗa jita, Pharrell Williams ya rera, tsohon gwanin disko Giorgio Moroder ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa a kan kiɗa. Na'ura ta koma gefe, an bar ta galibi wajen sauya murya.

5/ To yaya duniya ta karɓa? Kundin ya fito a watan Mayu, ya hau na ɗaya a Amurka da Birtaniya da Faransa. A farkon 2014 aikin ya kwashi kyautar Grammy biyar, har da ta kundin shekara. Wasu tsofaffin masoyansu kuwa sun yi ƙorafi: kiɗan ya yi sanyi, waƙa 13 cikin fiye da awa guda, ina zafin da aka saba? Duk da haka cikin kyautukan nan biyar akwai ta gwarzon kundi a rukunin rawa da na'ura. Ke nan sunan na gida ne, dangin kiɗan yake nunawa, ba lissafin kayan da aka shiga da su situdiyo ba. Namu ma zai iya ɗaukar wannan nauyin.

6/ Wata Hajiya ta tambaya ina rawar da ke cikin sunan Turancin ta shiga. Gaskiyarki, Hajiya. Muna da "casu", kowa ya san gidan casu. A rubutun jarida sai a cika shi: "kiɗan casu na na'ura". A hira, "kiɗan na'ura" ya wadatar.

7/ Saura albam. "Faifai" abin riƙewa ne a hannu, yau kuwa a waya ake saurare, don haka "kundi" ya fi. Wanda aka naɗa a ɗakin ɗaukar sauti "kundin situdiyo", wanda aka ɗauka gaban 'yan kallo, irin Alive 2007 nasu, "kundin dandali".

8/ Ga jimlar gwaji, mai gyara ya gyara: Random Access Memories shi ne kundin situdiyo na huɗu kuma na ƙarshe na Daft Punk, gwanayen kiɗan na'ura da suka rabu a 2021.