Muhawara: Idan mace ce ke ɗauke da gida, har yanzu miji ne shugaba?

Uwargida: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da maza ke yawan yi, wai duk macen da ta fi mijinta samu, biyayyarta ta ƙare, auren ma kwanansa ya kusa. Ni ban yarda ba. Abin da nake gani yana rusa irin waɗannan gidaje shi ne miji ya sakar wa mace haya da kuɗin makaranta da na asibiti, amma ya riƙe "ni ne maigida" gam, ko shawara ba ya nema. Mai ja ya zo da hujja.

Abban Yara: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina da ja. Aya ta 34 a Suratun Nisa'i ta ba namiji shugabancin gida, kuma babu inda aka ce sai ranar da aljihunsa ke cike. Sannan kuɗi yana canza mutum. Na san wanda aka sallama daga aiki, kafin shekara ta zagayo matarsa ta daina gaya masa inda za ta, ta sauya wa yara makaranta sai a bakin yaran ya ji. Ko a Amurka, binciken da Marianne Bertrand ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta biyu suka wallafa a 2015 ya nuna cewa auren da mace ta fi miji samu ya fi fuskantar rashin jin daɗi da rabuwa. Can kuma babu mai cewa malamai ne suka zuga su.

Uwargida: Abban Yara, ka kawo rabi ka bar rabi. Wannan binciken dai shi ne ya gano cewa matan da suka fi mazansu samu sukan ƙara yawan aikin gida da suke yi, maimakon su rage. Wato mace ta nemo kuɗin, ta dawo ta ninka hidima don kada ran miji ya sosu, kuma duk da haka auren ya girgiza. To a nan wa ya canza, ita ko shi?

Malam: Ku ba ni dama in sa baki. Ayar da Abban Yara ya kawo ta ambaci dalili biyu, na biyun shi ne abin da maza suka ciyar daga dukiyarsu. Imam Ƙurɗubi, wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya ce malamai sun fahimci cewa idan miji ya gaza ciyarwa, wannan shugabanci nasa a kan matar ya faɗi, kuma tana da damar neman a raba auren. Wannan shi ne ra'ayin Malik da Shafi'i. Abu Hanifa ya saɓa musu, ya ce ba a raba aure don talauci, sai dai a jira mai ƙunci ya samu yalwa, ya kafa hujja da aya ta 280 a Baƙara. Ibn Hazm ma ya wuce nan, ya ce mace mai wadata ita ce za ta ciyar da mijinta matalauci. Kun ga ashe saɓanin ya daɗe, kuma manya ne suka yi shi.

Abban Yara: Allah ya gafarta Malam, kenan duk wanda kasuwa ta juya wa baya ya zama ɗan haya a gidansa?

Malam: A'a. An ba ta zaɓi ne, ba a ba ta lasisin wulaƙanci ba. In ta zaɓi zama, haƙƙoƙin aure suna nan a kan kowa. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana da abin hannunta, mijinta kuwa talaka ne. Ta aika a tambayi Annabi (SAW) ko sadakarta za ta yiwu a kan mijinta da marayun da take riƙo, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. A lura, sadaka aka kira abin. Ba bashi ne da miji yake binta ba, don haka ba shi da hurumin karɓar albashinta da tsawa. Kuma a raba tsakanin wanda ya gaza da wanda ya ƙi. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kowa ya ciyar gwargwadon abin da aka hore masa. Mai kawo ɗan abin da ya samu ya sauke nauyi. Mai samu ya ɓoye don ya ga matar na da shi, wannan azzalumi ne.

Ƙanwarku: Yayyena, ni tambayata ta wuce nan. Dole ne sai an ce wane ne shugaba? A Faransa sai 1965 matar aure ta samu damar yin aiki da buɗe asusun banki ba tare da izinin miji ba, a 1970 kuma suka cire matsayin miji na shugaban iyali daga doka. Maroko, ƙasar Musulmi masu bin Malikiyya, ta gyara dokar iyalinta a 2004 ta ce gida yana ƙarƙashin kulawar miji da mata tare. Me ya sa namu tunanin ba zai motsa ba?

Baba Dattijo: 'Yata, doka tana aiki ne ranar da aka je gaban alƙali. Cikin ɗaki kuwa hali ne ke mulki. Na zauna sulhun aure da dama, kuma abin da ya fi kashe gida a idona gori ne. Namiji ya ce "a gidana kike ci", mace ta ce "wa ya biya hayar?" Duk ɗaya ne. Aya ta 264 a Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ba ta ware namiji ko mace ba. Ni ina kan cewa miji ne shugaba, ko nawa matar take samu. Amma shugaban da ba ya shawara ya jahilci aikinsa. Ko yaye yaro, aya ta 233 a Baƙara ta ɗora shi a kan yardar su biyun da shawararsu. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski, shawarar Ummu Salama Annabi (SAW) ya bi, ya fita ya fara da kansa, kowa ya tashi ya bi.

Anti: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku bar ni in faɗi abin da ba a faɗa a wajen sulhu. Kullum mace ake cewa ta yi haƙuri ta rufa asiri. Na rufa. Albashina ya shiga ginin gida tun daga tushe har rufi, ban taɓa gori ba, ban gaya wa ko mahaifiyata ba, don kada a raina shi. Takardun duka da sunansa. Ranar da aure ya ƙare na fita da akwatina, da na yi maganar kuɗina aka ce ina shaida. Rufin asirin da aka yabe ni a kansa shi ne ya hana ni shaida. Don haka in ana maganar mace mai kuɗi ta raina miji, a tuna da mu da muka ba da kuɗin da biyayyar duka, muka tashi a tutar babu.

Abban Yara: Wannan zalunci ne, Anti, ba zan kare shi ba. Allah ya saka miki.

Uwargida: Amin. Shi ya sa nake cewa abin da mace ta sa a cefane da yardarta, ta bar shi sadaka, kada ta sake ambatonsa. Amma babban abu, gida ko fili ko jari, a rubuta: kyauta ce, rance ne, ko tarayya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Abban Yara: Nan kuma mun rabu, Hajiya. Ranar da matata ta miƙo min takarda in sa hannu, zan ji kamar ta daina yarda da ni. Aure ba kamfani ba ne.

Malam: Ba a keɓe ma'aurata daga wannan ayar ba, Abban Yara. Kuma ba don saki kaɗai ake rubutu ba. In miji ya rasu, magada ne za su zo rabon gidan, su kuwa ba su san abin da aka yi tsakanin mutum biyu ba. Matar da ta gina rabin gida za ta iya tashi da tumunin takaba kawai in akwai 'ya'ya.

Anti: Abban Yara, kai da ka san ba za ka ci haƙƙinta ba, me sa hannun zai rage maka? Kada ma ka jira ta nema. Kai ka kira shaidu biyu, ka rubuta abin da ta zuba, ka miƙa mata takardar ta adana.