Zuwa Nepal da fasfon Najeriya: biza, wata da batun tsauni

Sadiku_T:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin zuwa Nepal na mako uku, in zaga Katmandu sannan in taka da ƙafa zuwa sansanin da ke gindin Everest. Fasfona na Najeriya ne. An ce a filin jirgi ake karɓar biza, haka ne? Wane wata ya fi dacewa, kuma me zan tanada?

Baban_Amira:
Wa alaikumus salam, Malam Sadiku. Ana bayarwa a filin jirgin Tribhuvan na Katmandu, dala 30 ta kwana 15, dala 50 ta kwana 30, amma ba ga mai fasfonka ba. Najeriya, Gana da Kamaru suna cikin ƙasashen da aka cire daga wannan tsari. Sai ka nema a ofishin jakadancin Nepal tun kafin ka tashi, na Afirka kuwa suna Alkahira da Pretoria. Kada ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito, domin idan babu ita ko jirgi ba za a bari ka shiga ba. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, ka kuma riƙe katin allurar shawara.

Hajiya_Rabi:
Oktoba da Nuwamba sun fi: damina ta ɗauke, sama garau. Sai Maris zuwa Mayu. Yuni zuwa Satumba ruwa ne da zaftarewar ƙasa. Tafiyar ƙafa daga Lukla take farawa, garin kan tsauni da ake zuwa da ƙaramin jirgi, kuma hazo kaɗan ke hana jirgin Lukla tashi, don haka ka bar kwana biyu ko uku rara kafin jirginka na komawa gida. Lokacin cunkoso daga Ramechhap jiragen kan tashi, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga Katmandu. Kaya a jirgin Lukla kilo 15 ne, har da jakar hannu. Ka canji rupi isasshe tun a birni, masaukan kan hanya tsabar kuɗi suke so, har cajin waya da ruwan zafi biya ake.

Likitan_Tudu:
Ɗan'uwa, abin da ya fi kayar da mutane ba gajiya ba ce, tsayi ne. Katmandu tana kan mita 1,400, garin Namche da ke kan hanya 3,440, sansanin kuma 5,364, inda iskar da huhu ke samu kusan rabin ta bakin teku ce. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum. Samari masu sauri su suka fi faɗawa.

Ka fara da gwajin jini. Mai sikila kada ya je ko kaɗan. Mai AS ma sai ya zauna da likita, saboda ƙarancin iska kan toshe jini a saifa, ciwo mai tsanani ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin hagu.

Da ka wuce mita 3,000, wurin kwananka kada ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma ka yi kwana biyu a Namche, biyu a ƙauyen Dingboche da ke gaba. Ciwon kai da tashin zuciya: ka tsaya inda kake. Tangaɗi a tafiya, ruɗewa, ko haki kana zaune da tari mai kumfa: ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa ko huhu, sai sauka nan take, ko da tsakar dare. Maganin Diamox miligiram 125 safe da yamma yana taimakawa, amma likita ne zai rubuta maka. Inshorarka ta ambaci ɗauka da jirgi mai saukar ungulu har mita 6,000, da yawa ba su kai nan ba.

Hajiya_Rabi:
Na manta abinci. A sama ba a yanka dabba, naman da ake sayarwa daga ƙasa 'yan dako ke hawo da shi kwana da kwanaki ba firji. Ka tsaya kan dal bat, shinkafa da miyar wake, ana ƙara maka kyauta. Naman halal sai a Katmandu, kusa da masallacin Jame da ke Ghantaghar.