Wace kalma za mu ba "mutation" a Hausa?

1/ Jama'a, ku matso mu raba gardama kan kalma ɗaya. Makon jiya aka ba ni hirar wata mai binciken ciwon daji in mayar da ita Hausa don shirin rediyo. Aiki na tafiya sumul har na ci karo da "mutation", kuma ta maimaita ta ya fi sau goma. Na tambayi manhajar fassara ta waya, ta ce mini "maye gurbi". Gurbin wa? Sai ka ce an tsige kansila.

2/ Bari mu ga abin kafin mu raɗa masa suna. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai dogon rubutu, DNA, mai haruffa huɗu kacal: A, C, G, T. Kwafi ɗaya ya kai haruffa kusan biliyan 3. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe shi tas. Wani lokaci harafi ya canza, ko ya ɓace, ko a ninka shi, ko wani yanki ya ɓalle ya manne a inda ba wurinsa ba. Duk waɗannan Bature suna ɗaya ya ba su. "Maye gurbi" na farkon kaɗai ya kama, ya bar ukun a waje.

3/ "Rikiɗa" ta yi tashe lokacin korona. Amma Bahaushe in ya ji rikiɗa, mutum yake gani ya zama kura da tsakar dare. Jiki ne gaba ɗaya yake sauyawa. Harafi ɗaya cikin biliyan 3 bai kai nan ba. Mu ajiye ta don sakamako: ƙwaya ta rikiɗe ta zama ta daji.

4/ Wadda na fi tsoro ita ce "sauyin ƙwayoyin gado", don ta taɓa ƙona ni. Shekarun baya na faɗe ta a wani shiri. Ana buɗe layi wata baiwar Allah ta kira, an cire mata mama ɗaya, muryarta na rawa: "Malam, ke nan 'ya'yana mata uku duk sun gada? Dangin saurayin babbar fa suna sauraro." Na yi ta kame-kame. Alhali kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na ciwon daji ke bin gado. Saura a nan duniya rubutun ke lalacewa, a gaɓa ɗaya ta mutum ɗaya, kuma ba ya tsallakawa zuwa 'ya'ya. Kalmata ce ta jefa matar nan cikin wannan hali.

5/ Misalin da nake gwada kowace kalma da shi gyaɗa ce. Kun san wadda za ka tauna ka ji ɗaci ka tofar, wadda ta sha raɓa a buhu ta yi fumfuna kore-kore? Akwai fumfunar da ake kira Aspergillus flavus, tana hawa gyaɗa da masara tun a gona, tana fitar da guba mai suna aflatoksin. A 1960 aka farga da ita, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Brazil.

In gubar ta isa hanta, hantar ce da kanta ke sarrafa ta zuwa wani abu mai liƙe wa harafin G. Da an zo kwafa, sai a sa T a wurin. A 1991 masu bincike suka duba ciwon dajin hanta na mutanen Qidong a ƙasar Sin da na kudancin Afirka, suka riƙa tarar da canji iri ɗaya a wuri ɗaya: kalma ta 249 (kowace kalma haruffa uku ce) a cikin sashen rubutun da ake kira TP53, AGG ta koma AGT. Shi kuwa TP53 mai gadi ne, aikinsa tsayar da ƙwayar da ta lalace kafin ta hayayyafa. An maƙure mai gadi, in kuma akwai ciwon hanta nau'in B a jiki, ɓarawo ya tarar da ƙofa a buɗe. To wannan mutumin me ya gada? Buhu ne ya jiƙe.

6/ Wani abokina malamin firamare ya kawo "tuntuɓen alƙalami". Wallahi ta burge ni, kuma ta dace da kuskuren kwafa. Sai dai a batun gyaɗa ba tuntuɓe aka yi ba, bangaje hannun marubucin aka yi. Kuma ba ta juyuwa: yaya za ka ce guba ta yi wa harafi hakan?

7/ Tawa ita ce jirkicewa. Abu ya karkace daga yadda aka tsara shi, amma yana nan, ana gane shi. Ku ji ta a baki. Aflatoksin ta jirkita harafi. TP53 ya jirkice. An sami jirkitaccen TP53 a kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam. Likita ya ce a gwada ƙarin dajin a ga waɗanne jirkice-jirkice ke ciki kafin a zaɓi magani. Duk inda Turanci ya lanƙwasa tasa, tamu ta bi shi ba tare da an ja ta ba.

8/ Sauran raba iri biyun nan, kuma Hausa ta riga ta yi mana aikin. A sana'a akwai ɗan gado, akwai ɗan haye, wanda ya shigo ƙira ko wanzanci bai tarar da ita a gidansu ba. Sikila jirkicewar gado ce: GAG ta koma GTG, ana karɓar ta daga uwa da uba. Haka jirkicewar sashen rubutun da ake kira BRCA1, mai alaƙa da ciwon dajin mama a wasu zuri'o'i, wanda Mary-Claire King ta gano inda yake a 1990. Ta gyaɗa kuwa, da ta taba sigari, jirkicewar haye ce. Da ina da kalmomin nan a ranar, da na ce wa matar can: "Hajiya, yawanci na haye ne, ki tambayi likitanki ko naki na buƙatar gwaji."

9/ Na san ta inda za a kama ni: jirkicewa na da ƙanshin ɓarna, alhali yawancin jirkice-jirkicen ba sa cutar da kowa. Mai AS ma, wanda ya gaji jirkicewar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kaɗai, kariya yake samu daga zazzabin cizon sauro mai tsanani. Ga kuma dankalin Hausa: a 2015 masu bincike a Ghent ta Beljiyam da Lima ta Peru suka tarar da rubutun ƙwayar cutar Agrobacterium, wadda ke sa bishiyoyi ƙari, daram a cikin nasa rubutun, kuma muna ta cin sa da ƙuli-ƙuli lafiya lau. Na amsa wannan suka. Amma "sauyi" da ake ba ni a madadi ta yi faɗi, har sauyin yanayi da na gwamnati duk a cikinta suke.

10/ Shirin zai fita ranar Asabar, kuma na riga na sa jirkicewar gado da ta haye a takarda. Mutanen Damagaram da Sakkwato, ku gaya mini ko "haye" na da wannan ma'anar a wajenku. In babu, ina da zuwa daren Alhamis in goge.