Aikin binciken asusu a Kaduna ko kwas ɗin zuba jari a Legas?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Na karanta akanta a Jami'ar Bayero, kuma burina in yi aiki da masu tara kuɗi su sayi kaso a kamfanonin da ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa. An ba ni aikin binciken asusu a Kaduna, sai kuma ga kwas na wata uku a Legas a kan naira dubu 600, wanda shi ne iyakar abin da na tara. Dole in ɗauki ɗaya kafin ƙarshen wata. Ina neman shawarar waɗanda suka bi hanyar.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Ka yi rajistar jarrabawar CFA, wato ta shaidar ƙwarewa a nazarin zuba jari, mataki uku ce, kuma ita ake dubawa.

'Yar Zazzau: Malam, mataki ɗaya ya ci mini sama da dala 1,000, kuɗinsa ba za su kai ba.

Bakatsine: Ƙanena, ni na yi irin wannan kwas a 2022, na biya dubu 350 bisa alkawarin za a sama mana gurbin aiki, kuma babu ɗayanmu da aka kira. Da kaina na samu shiga wani ƙaramin asusun zuba jari a Legas, irin masu sayen kaso a kamfanoni, na yi wata shida ba albashi. A can na fahimci tsarin: masu jari suna kulle kuɗinsu kimanin shekara goma, manajoji suna karɓar kashi 2 cikin ɗari duk shekara, sannan kashi 20 na riba idan ta wuce ma'aunin da aka ƙayyade, galibi kashi 8. Da dala aka tara asusunmu, kamfanonin da muka saya kuwa da naira suke ciniki. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai ribar shekaru ta narke duk da cinikin kamfanonin yana ƙaruwa. Masu jari suka ƙi zuba kuɗi a asusu na biyu, aka sallame mu mu huɗu rana ɗaya, alhali na riga na biya hayar shekara. Har yau abin yana ci mini rai.

Malam Akanta: Allah Ya musanya da mafi alheri. Amma wata shida ba sa isa mutum ya yanke wa sana'a hukunci.

'Yar Zazzau: Shi ya zauna a cikin asusu, Malam, kai kuwa a banki ka yi aikinka, don haka maganarsa ta fi kusa da tambayar. Ɗan Fagge, ka karɓi aikin Kaduna. Kafin a sayi kamfani sai an tone littattafansa, an gano bashin da aka ɓoye da cinikin da aka kumbura, kuma mai binciken asusu ne ya fi kowa iya wannan. Ni lissafin ƙimar kamfani a intanet na koya, ban biya ko sisi ba.

Na Kwari: Ka kawo dubu 600 ɗin shagona, ka ga zuba jari da idonka, ba sai ka je Legas ba.

Alaramma: Akwai abin da ba a taɓo ba. Tsarin yana kama da mudaraba, wani da dukiya wani da aiki, amma sau da yawa da bashin ruwa ake sayen kamfanin. Ya kamata ya tambayi malamai tun kafin ya shiga.

Bakatsine: Abin da ya fi damuna shi ne nisa. Cikin kamfanonin da ke wannan harka, African Capital Alliance da Verod suna Legas, Helios kuwa a Landan aka kafa shi. Sau biyu na gabatar da kamfanin sarrafa shinkafa na Kano, aka ce littattafansa ba su cika ba.

Na Kwari: Ba littattafai ba ne kaɗai. Mahaifina ba zai yarda baƙo ya zauna masa a kan dukiya yana tambayarsa lissafi ba, kuma haka yawancin attajiranmu suke.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Yaya Bakatsine, shekara nawa zan yi a binciken asusu kafin in nemi shiga?